Mashin a Gombe da mashin a Indiya, amsar mai tambaya

Malam, ka ce ƙaninka zai tafi karatu Indiya, tunda ya goge da mashin a nan Gombe ko ya saya can ya huta da kuɗin mota. Toh bari in jera maka su ka gani.

Mashin ɗin dai shi ne, Bajaj da TVS ɗin da 'yan achaba ke ja daga Tashan Dukku zuwa Pantami duk kamfanonin Indiya ne. Matsalar hannun tuƙi ce. Mu tun 1972 muka koma dama, su hagu suke bi, kuma ba a miƙaƙƙen titi abin ke kama mutum ba, sai a shataletale ko in zai fito daga lungu, ido ya saba leƙa hagu alhali motar da za ta fara iso shi ta dama take zuwa. Ga shanu kwance tsakiyar kwalta ba mai ce musu ku tashi.

Nan hular kwano sai wanda ya ga dama, can dokar 2019 ta sa tarar rufi 1,000 (kuɗin Indiya) da dakatar da lasin wata uku, tuƙi ba lasin kuma 5,000. Duk da haka a 2022 sama da mutum 168,000 suka mutu a titunansu, kusan kashi 44 cikin ɗari a kan mashin suke.

Amma ni abin da ya fi damuna bayan faɗuwar ne. In ya zube a Jekadafari kafin a kai shi asibiti wani ya gane shi ya kira ka, in ma shi ya buge wani dattawa za su zauna a biya kuɗin magani a ce Allah ya kiyaye gaba, shikenan. Can fa? Shi kaɗai jama'a sun zagaye shi ba ya jin me suke cewa, magana ta je wajen 'yan sanda ta shiga kotu har tana iya taɓa bizarsa, sannan inshorar lafiya da yawa ba sa biyan ko sisi in ba shi da lasin mashin.

Ni dai ya fara da bas da keke napep har idonsa ya saba. In ya nace, ya yi lasin na ƙasa da ƙasa kafin ya tashi, ya sai hula mai rufe haɓa mai tambarin ISI, wato alamar ingancin kaya ta Indiya, kuma ban da tuƙin dare.