Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Garwa da kewaye: ku yi hattara da mai tallan ƙwan LED ɗin nan

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk mai tsohuwar mota, Peugeot 504 ko Marsandi ko tsohuwar Land Cruiser, ko wanda babansa ko kawunsa ke da ita, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura ma wani kuɗi. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook yana tallan ƙwan fitila na LED, wai na musamman ne na tsofaffin motoci, wai kayansa daga Jamus suke sauka Duwala. Ni ya cuce ni, kuma abin ya kusa wuce maganar kuɗi.

504 ɗin nan ta marigayi babanmu ce, haɗin Kaduna, ni nake riƙe da ita tun rasuwarsa kuma ina lallaɓa ta kamar ƙwai. Matsalarta ɗaya wuta, in dare ya yi sai ka ga haskenta ja-ja kamar aci-bal-bal, ga shi ina yawan bin hanyar Ngawundare, wanda ya san hawan dutsen nan na bayan Mbe ya san ba wurin wasa ba ne da dare. To ina cikin wannan damuwa na ga bidiyonsa, ya kunna fitila a ɗaki mai duhu haske fari fat, a jikin kwali an rubuta wat 200 da lumen 20,000, lumen ɗin nan shi ne ma'aunin ƙarfin haske. Na yi masa magana, bakinsa kamar zuma, Alhaji kaza Alhaji kaza, ya ce sefa dubu 25 ne guda biyu amma sai na haɗa da wani ɗan akwati wai shi canbus na dubu 10, in ba haka ba motar ba za ta karɓi ƙwan ba. Na tambaye shi ko zai shiga 504, ya ce "Alhaji kowace mota yake shiga, ka cire tsoho ka sa sabo shi kenan." Na tura dubu 35 ta Orange Money, sunan da ya fito a lambar ma daban yake da wanda yake amfani da shi, ya ce na ƙaninsa ne. Bayan kwana 4 kaya suka iso ta ajans, wato kamfanin motocin haya.

Tun wajen sawa aka fara rigima. Gindin ƙwan bai zauna a mazaunin fitilar ba, domin ƙwan da ya aiko H4 ne, tawa kuwa irin tsohon ƙwan nan ne mai zagayen gindi da ake ce ma R2, na wat 45 da 40. Dukansu ƙafa uku gare su shi ya sa mutum zai ɗauka ɗaya ne, amma faifan da ke riƙe ƙwan ba iri ɗaya ba ne sam. Na kira shi ya ce a lanƙwasa kunnen kaɗan a ɗaure da waya. Wani yaro a garaji ya yi mini haka, aka kunna, wallahi haske kamar rana, har raina ya yi fari.

Daren farko da na fita gari na fara gane akwai matsala, duk motar da ta tunkaro ni sai ta dinga watsa mini doguwar wuta, masu moto suna ɗaga hannu suna zagi, alhali ni ina kan kod, wato gajeriyar wuta. Hasken yana kan bishiyoyi da saman katanga da idon mutane amma kwalta a gabana duhu, rami sai na faɗa shi nake sanin yana nan. Rediyo kuma da na kunna fitila sai ta kama shuuu. Sati biyu da sawa muna dawowa daga Ngong da iyali bayan isha'i, ga hazo, ƙwan hagu ya fara ƙyafta ido sannan ya mutu, kafin in samu wurin tsayawa na dama ma ya dushe ya koma kamar tocila mai mataccen batir. Akwai tirela a bayana. Allah ne kaɗai ya tsare, da fitilar waya ɗana ya dinga haska gefen hanya har muka sauka daga kwalta, uwarsu tana ta salati. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Washegari na kai ta wajen wani dattijo mai haɗa wutar mota, tun zamanin babanmu shi ke duba ta. Ya cire ƙwan ya jujjuya, ya ce "ɗana wa ya sayar maka da wannan?" Ya ɗauko mita ya jona ma wanda bai gama mutuwa ba, amfiya ɗaya da rabi yake ja. Ya ce lissafa da kanka, 1 da rabi sau bolt 12, wat 18 kenan, ina 200 ɗin? Ya ce in da gaske ƙwai ɗaya na jan wat 200 ai sama da amfiya 16 ne, da tuni wayoyin tsohuwar motar nan sun yi zafi ko fiyus ya ƙone. Shi kansa H4 na gaskiya wat 60 da 55 ne kuma haskensa bai kai lumen 2,000 ba, to ku auna ƙaryar 20,000. 'Yar fankar da ke bayan ƙwan kuwa ta cushe da ƙura ta tsaya cak, shi kuma LED in bai samu sanyi ba ƙonewa yake, ku duba zafin Garwa a watan Maris da Afrilu da ke haura 40 sannan ga zafin inji ga ƙurar hunturu.

Akwatin canbus ɗin ne ya fi ƙona mini rai. Dattijon ya ce wannan abu ai na sababbin motoci ne masu kwamfuta, waɗanda ke nuna alama a gaban direba in ƙwai ya mutu, 504 ba ta da kwamfuta ko ta sisin kwabo, me za a ruɗa a cikinta? Ya fasa akwatin a gabana, waya ce kawai ta shiga ta fita an cika sauran da baƙin danƙo.

Maganar hasken da ke watsewa ma ya yi mini bayani yadda na gane. Kwanon da ke cikin fitila da zanen da ke jikin gilashin an ƙera su ne daidai da inda ɗan zaren ƙwai yake zaune, in wurin da haske ke fitowa ya goce ko da kaɗan ne shi kenan hasken ya tashi sama. LED mai kyau ƙwayoyinsa sirara ne, biyu suna kallon hagu da dama, a daidai gurbin zaren, na kod kuma da 'yar garkuwa da ke tare haske kada ya hau ido. Nawa fuska huɗu gare shi, ko'ina feshi yake. Ga shi fari mai shuɗi-shuɗi, cikin hazo sai ya dawo maka a ido.

Ni ban ce kowane LED na banza ba ne, akwai na kirki kuma akwai 'yan kasuwa masu amana a garin nan. Amma dan Allah kafin ka biya ka cire ƙwan motarka ka karanta abin da ke rubuce a gindinsa, ka je da mai gyaranka ya auna da mita, a sa a motar a haska bango da dare daga nesa kaɗan, in kod bai yanke a layi ɗaya ba ya bazu har sama to ka mayar masa da kayansa. Wanda ya ce kowace mota yake shiga, ko ya ce sai ka tura kuɗi duka kafin ka gani, ka rabu da shi. Tawa yanzu an goge mata wayoyin mas, wato waɗanda ke jone da ƙarfen jikin mota, da suka yi tsatsa, an sa rile biyu wuta na zuwa kai tsaye daga batir, an mayar da ƙwai irin nata, kuma wlh ta fi da haske nesa ba kusa ba.

Shi kuwa mai tallan, da na kira shi ya fara cewa laifin motata ne wai ta tsufa, na ce to a mayar mini da rabin kuɗina, sai ya toshe ni. Jiya wani abokina direba a Marwa ya turo mini bidiyon nan dai, ɗakin nan mai duhu, kwalin nan, amma da sabon suna da sabuwar lamba, yanzu har da ragi wai na ƙarshen wata. Ban sa lamba a nan ba tunda canzawa yake kuma wataƙila ta wani bawan Allah ce da bai san komai ba. Wanda ya taɓa tura masa kuɗi kada ya goge saƙon turawar da hirarsu da rasit ɗin ajans, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina so mu haɗu ko mu uku ne mu kai ƙara komisariya wajen 'yan sanda ranar Litinin in Allah ya kai mu.