Littafin Murphy mai shuɗin bango da rikicin "used to"

Maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ce ta fara buga littafin nahawun Turanci English Grammar in Use na Raymond Murphy a 1985, bugu na biyar kuma ya fito a 2019. Darussa 145 ne, kowanne shafi biyu: bayani a hagu, atisaye a dama. In za ka saya, duba bangon ka tabbatar an rubuta "with answers", domin akwai wanda babu amsoshi a bayansa, kuma mai karatu shi kaɗai ba zai san inda ya kuskure ba.

Inda littafin ya fi yi wa Bahaushe rana shi ne maganar abin da mutum kan yi a da. A Hausa "kan" ɗaya ce ke ɗaukar jiya da yau: "nakan je gona", "a da nakan je gona". Shi ya sa ɗalibai ke rubuta "I use to go to the farm" alhali suna nufin har yanzu suna zuwa. Darasi na 18 ya raba gardama: "used to" na abin da aka daina ne, ba ya aiki a kan yanzu, na yau sai a ce "I usually go". Ya kuma nuna yadda harafin d ke faɗuwa bayan "did", kamar "I didn't use to". A baki ba a jin bambancin, a takardar jarrabawa ake kama mutum.

Darasi na 61, wanda ke magana a kan wani "used to" na dabam mai nufin sabo, ya yi kyau ƙwarai. "I am used to waking up early" ma'anarsa na saba da tashi da sassafe, kuma aikatau dole ya ɗauki -ing.

Rauninsa yana kan "would". Ɗan sashe kawai ya samu a darasi na 36, alhali nan ne ake yawan tuntuɓe. "Would" na aikin da aka riƙa maimaitawa ne bayan an ambaci lokacin: "When we were young, we would swim in the river." Ba ya ɗaukar mallaka ko yanayi. Wanda ke nufin a da yana da keke, "I used to have a bicycle" zai ce, "I would have" ta kai shi wata ma'ana dabam.

Darussan uku sun yi nisa da juna a littafin, don haka a haɗa su a zama ɗaya: 18, sai 61, sannan 36. A yi atisayen da fensir, bayan mako guda a goge a sake yi.