Cire faifai ko tayar da Ubuntu: wanne ke dawo da fayil da sunansa?

Allah gafarta Malam, na ga tambayarka tun bayan Azahar, sai yanzu na samu zama. Ka ce wuta ta ɗauke kana cikin aiki, batirin kwamfutar dama ya mutu, tun daga nan in ka kunna ta sai ta tsaya a "Réparation automatique" ta yi ta juyi. A ciki akwai darussan shekara huɗu, wasu sunayensu da Larabci, wasu da Hausa mai ƙ da ɗ da ƴ, wasu da Faransanci. Wani ya ce a cire faifan a jona shi a wata kwamfuta, wani ya ce a tayar da Ubuntu, wato wani tsarin Linux da ke aiki a madadin Windows, daga kilen USB. Kai kuma kana tsoron kada fayilolin su fito da alamar tambaya a maimakon suna, kamar yadda ya faru da abokin aikinka.

Ka kwantar da hankalinka tukuna, sunayen nan suna nan lafiya a kan faifan. Windows na ajiye fayil bisa tsarin NTFS, shi kuma NTFS yana rubuta kowane suna da Unicode, inda ƙ ke da lambarta, ƴ ke da tata, ض ma haka. Ƙin tashin Windows bai taɓa su ba. Suna yana lalacewa ne a hanya, lokacin da aka bi da shi ta wata manhaja da ba ta san waɗannan baƙaƙe ba. Tsofaffin jadawalin baƙaƙe da Windows na Faransanci ya gada, wato 850 da 1252, suna da é da è da ç, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle Larabci. Shi ya sa za ka ga "Élèves" ya tsallake lafiya, "Ƙamus" ya koma "?amus". Saboda haka ni ba na auna hanyoyin nan biyu da sauri kaɗai, ina duba wacce ce suna zai bi ya fita ba a taɓa shi ba.

Cire faifai shi ne abin da na fi yi a shago. Ana kwance ƙasan kwamfutar, a zaro disk dur ɗin, a saka shi a bwatiye mai igiyar USB, a jona a wata kwamfutar mai Windows. Windows na karanta abin da ɗan'uwansa ya rubuta, babu tafinta a tsakani, don haka suna ba ya canjawa ko da ɗigo ɗaya. Kuma wannan hanya ba ruwanta da lafiyar kwamfutarka: ko allon ciki ne ya ƙone, ko fuskar ta mutu, faifan zai yi magana a wani wuri. Nan ne ta fi Ubuntu nesa ba kusa ba, domin Ubuntu sai injin yana kamawa.

Amma tana da nata sharuɗɗa. Dole bwatiyen ya dace da faifan: na SATA mai inci 2.5 daban, siririn nan na M.2 daban, shi ma M.2 akwai na SATA akwai na NVMe. Kada ka tafi kasuwar Dole ta nan Zinder sayen bwatiye sai an buɗe an ga irin naka. Wasu ƙananan kwamfutoci kuma ma'ajiyarsu eMMC ce, a like take da allo, babu abin cirewa. Sannan Windows yana da karambani. In ya ga faifan da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, yakan ce a gyara shi, wani lokaci ma ya ce a yi format. Ka ƙi duka biyun. In ka buɗe dosiyen Utilisateurs zai ce ba ka da izini, ka danna "Continuer". Wannan dannawa rubutu ce a kan faifan, yana bin fayil ɗaya-ɗaya yana canja izini. Ga lafiyayyen faifai ba komai, ga wanda ya fara ciwo wahala ce ake ƙara masa.

Wajen kwafa, jan dosiye da linzami yana aiki, sai dai Explorateur, wato tagar da ake duba fayiloli a Windows, kan cije in hanyar fayil ta wuce baƙi 260, abin da ke yawan faruwa ga malamai masu dosiye cikin dosiye cikin dosiye. Ni robocopy nake amfani da shi, yana cikin Windows dama. A baƙin allon umarni (cmd) ake rubuta shi, E: a nan faifanka ne, F: kuma inda za a zuba:

robocopy E:\Users\Malam\Documents F:\Ceto /E /R:1 /W:1

Yana riƙe sunayen Unicode, yana wuce dogayen hanyoyi, in fayil ya ƙi karantuwa ya sake gwadawa sau ɗaya ya ci gaba. Baƙin allon nan zai iya nuna maka akwatuna a wurin Larabci yayin da yake aiki. Kada ya dame ka, allon ne ba shi da siffar baƙin, ka duba a Explorateur za ka ga suna daidai.

Ita kuwa Ubuntu ba ta buƙatar sukundireba. Ana sauke ta a wata kwamfuta, a rubuta ta a kile da manhajar Rufus, a jona, a danna maɓallin zaɓen tashi (F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo), a zaɓi "Essayer Ubuntu". A kula sosai a nan: gwadawa, ba girkawa ba, domin girkawa na iya shafe faifan duka. Tana tashi daga kilen, faifanka ya bayyana a gefe kamar baƙo. Ba ta tambayar izinin Windows, ba ta matsa maka da gyara. Sau da yawa ma, saboda yadda Windows ke yin rabin barci in an kashe shi tun daga Windows 8, takan buɗe faifan don karatu kawai. Mutane kan ɗauka matsala ce, alhali shi ake so: ka kwashe, ba ka rubuta komai ba.

Kuɗinta a data yake. Ubuntu 24.04 ta kai kusan giga 6, tana son kile mai giga 8, kuma ka san yadda intanet ɗinmu yake. Linux Mint kusan rabin haka ce, aikin ɗaya ne. Gara ka tambayi ɗaliban Jami'ar André Salifou ko masu gyara, ba a rasa mai ita a kile.

Batun suna fa? A nan akwai tafinta, domin Linux na juya sunan daga tsarin Windows zuwa UTF-8, wato irin tasa hanyar rubuta Unicode. Ubuntu ta yanzu tana yin wannan daidai, Larabci da ƙ duk suna fitowa. Haɗarin yana ga tsofaffin CD na ceto da wasu masu gyara ke riƙe da su shekara da shekaru, masu tashi da baƙin allo irin na DOS ko tsohon Linux da ba a saita masa harshe ba. Su ne ke zuba alamar tambaya, wasu ma sukan ɓoye fayil ɗin gaba ɗaya kamar babu shi. Ina kyautata zaton abin da ya sami abokin aikinka ke nan. Akwai kuma wani tarko da ya shafe ka kai tsaye. Windows na yarda da suna mai baƙi 255, Linux kuwa bayit 255 yake ƙirgawa, kuma kowane baƙin Larabci bayit 2 yake ci, wasulla ma haka. Littafin da aka sauke da cikakken takensa da sunan mawallafi, in ya wuce baƙi 127 na Larabci, Ubuntu na iya ƙin ɗaukarsa. Na taɓa ganin haka da littattafan fiƙihu na wani dattijo a unguwar Birni: komai ya wuce sai ƴan kaɗan masu dogon take, sai da muka jona faifan a Windows suka fito.

Abu ɗaya ke tare hanyoyin biyu, BitLocker. Kwamfutoci da dama masu Windows 11 suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba. In haka ne, ko'ina ka kai shi zai nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita injin. In ta hannu ka saya, ka nemi mutumin tun yanzu.

To wanne zan zaɓa maka? Tunda kwamfutarka tana kamawa, tana nuna hoto, Ubuntu za ta yi aiki. Duk da haka, saboda yawan Larabcin da ke ciki, in faifan mai ciruwa ne ni cire shi zan yi in jona a Windows. In eMMC ce, ko babu wanda ka amince ya kwance maka inji, to Ubuntu, sai ka lura da saƙon duk fayil ɗin da ta ce ta tsallake. In kuma ka kasa kunne ka ji faifan yana ƙas-ƙas ko yana tsayawa yana tashi, maganar ta canja: kashe shi nan take. Wannan aikin manhajar ddrescue ne a Linux, a ɗauki hoton faifan dungum zuwa wani, sannan a nemi fayil a cikin hoton.

Inda za ka zuba su ma yana da muhimmanci. Faifai ko kile mai NTFS ko exFAT za ka nema. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4, bidiyon saukar karatu zai maƙale. Kada ka bari a dunƙule maka su cikin zip, tsohon tsarin zip na cikin manyan masu ɓata suna. In dole ne a dunƙule, a yi 7z da 7-Zip. In wani ya ce zai sa PhotoRec, ka dakatar da shi. Manhaja ce mai kyau ga faifan da aka riga aka shafe, amma ba ta dawo da suna ko dosiye, sai f0012345.pdf da ƴan'uwansa dubbai, ka zauna kana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Naka bai kai nan ba.

Kafin ka yarda a sake zuba Windows, zauna gaban kwafin da kanka. Gwada adadin fayilolin da na asali, ka buɗe goma daga masu sunan Larabci. In ka ga ƴan akwatuna, siffar rubutu ce ta rasa, suna lafiya. In ka ga "Æ™asa" a wurin "ƙasa", ko "Ã©" a wurin "é", an karanta UTF-8 da jadawalin 1252 ne, ana iya juya shi ya dawo. In alamar tambaya ce ko layin ƙasa, baƙin ya tafi daga wannan kwafin, sai a koma ga faifan asali a sake, don haka kada kowa ya taɓa shi sai ka gama dubawa.

Turo mini hoton takardar da ke manne a ƙasan kwamfutar, daga lambar samfurin zan gaya maka ko faifan na ciruwa da irin bwatiyen da za ka nema. In ka fi so, kawo ta Sabon Gari gobe bayan La'asar, ka taho da cajarta.