Wasiƙa daga Manchesta: Kayan Sallar Yara

Yaya, assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Saƙonki ya iso, na ga kowa ya ce shi rigar Ingila yake so ta Sallah. Ranar Asabar na ɗauki awon da kika turo na shiga gari, na wuni ina zaga shaguna, na dawo da riga uku kacal. Bari in faɗa miki dalili tun kafin ki ce rowa ta kama ni.

Shagon da na fara shiga bene uku ne, kaya reras a rataye. Babu ciniki, babu "albarka", babu "Allah ba da riba", kuɗin kowace riga na manne a jikinta. Na ɗauki wata doguwa mai furanni da na yi wa Ummi sha'awa, sai sheƙi take kamar siliki. Da na juya cikinta sai jikina ya yi sanyi. A ƙasar nan doka ce a liƙa wa tufa ɗan ƙyalle mai faɗin irin zaren da aka saƙa ta da shi, da kason kowane iri. Wannan an rubuta foliyesta 100%. Ta biyu haka, ta uku haka. Rigunan maza da na duba wa su Abba, wasu kashi 65 foliyesta ne, 35 auduga. Zallar auduga akwai ta, amma galibi a singileti da rigunan shan iska. Da kin nemi ta ado, ko kuɗin ya ninka ko ki rasa.

Foliyesta roba ce, Yaya. Daga man fetur ake fitar da ita, kuma uwa ɗaya uba ɗaya suke da gorar ruwan roba. Wasu rigunan ma har alfahari ake yi a jikinsu cewa da tsofaffin gorori aka yi su. Ba ta shan gumi yadda auduga ke sha, sai ta riƙe shi tsakaninta da fata, ga wari da wuri. Yanzu ki hasko Ummi cikinta a filin Idi, rana ta take, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. Kafin a sauko ƙurajen zafi sun feso mata. Da hunturu kuma, iska ta bushe, sai rigar ta riƙa manne wa mutum tana tartsatsi in an cire ta da dare. Abin da ya fi tsorata ni shi ne murhu. Auduga in ta kama wuta toka take zama, wannan kuwa narkewa take ta like a fata. Dutsen gugar gawayi ma, wanki da guga ɗaya ya isa ya huda ta.

Ban ce ba ta da ranarta ba. A nan ruwa ba shi da damina, ko yaushe yana iya saukowa, kuma rigar ruwan da nake sawa roba ce zalla, ba na rabuwa da ita. Tana bushewa da wuri, ba ta yamutsewa, ga araha. An ce ma fiye da rabin zaren da duniya ke yi yau foliyesta ne, kin ga ba shago ɗaya ba ne. Rigunan sanyi kuwa da yawa da za ki rantse ulu ne, akirilik ne, shi ma roba.

Abin da ya ba ni dariya da takaici lokaci ɗaya shi ne garin da nake tsaye. Manchesta da auduga ta yi arziki. Kin tuna Baba yana yawan ambatar Bisije, ƙungiyar Turawa masu sayen auduga, in yana labarin kakar auduga a Gusau da Funtuwa? To a garin nan aka kafa ƙungiyar a 1902, don a nemo wa masaƙunsu auduga daga ƙasashe irin tamu. Kuma a 1941 wasu ma'aikata biyu na wani kamfanin yadi na garin nan, Whinfield da Dickson, suka haɗa zaren foliyesta. Mutanen garin nan su suka kwashi audugarmu, su suka ƙago kishiyarta. Tsofaffin masaƙun yanzu gidajen haya ne da ofisoshi, namu na Kaduna kuma sai dai tarihi.

Wajen mu'amala sun fi mu, wannan ba musu. Ki sayi riga, ki dawo da ita bayan mako biyu ko uku da rasit, a mayar miki da kuɗinki ba a tambaye ki ba'asi ba. Je ki gwada haka a Tsohuwar Kasuwa bayan almakashi ya shiga yadi. Amma tela a nan sai mai hali. Rage tsawon wando kawai na kai, na biya abin da zai ɗinka mini kaya sukutum a gida. Shi ya sa kowa ke sa abin da ya tarar a rataye. Mu kuwa mu zaɓi yadi, mu murza shi a hannu, a auna mu, a ɗinka, a yi aiki a wuya, sannan mu ce na waje ya fi. Shadda mai kyau, irin ta Getzner da ake yi a Ostiriya, auduga ce, haka atamfar Holan ta asali.

Sai dai ki kula, kasuwarmu ma ta cika da atamfa da shadda masu roba, kuma mu babu ƙyallen da zai tona. In kina shakka, zaro zare ɗaya daga bakin yadin ki sa masa ashana. In ya ci da ƙaurin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya ƙanƙance ya dunƙule baƙi da warin leda, ajiye masa abinsa. A gwanjo kuwa ƙyallen na nan, ki nemi inda aka rubuta "cotton" ki ga lambar da ke kusa da shi.

Riguna ukun duk auduga ne, na su Abba biyu, ɗaya ta auta, za su iso ta hannun mai tahowa ƙarshen wata. Kuɗin sauran zan turo miki ta banki jibi. Ki yankar wa Ummi atamfa mai kyau, a kai wa tela tun yanzu kafin ya fara alƙawarin gobe da jibi. Inna kuma a samo mata farin yadi mara nauyi. Ki gaishe ta, ki ce ina neman addu'a.