Bitar shirin Stoic Week: kwana bakwai tare da falsafar 'yan Sitowa

Na shiga shirin Stoic Week ne a lokacin da al'amura suka cakuɗe mini a wurin aiki. Makarantar kuɗin da nake koyarwa ta riƙe mana albashin wata biyu, an ba wanda na riga kama aiki muƙamin da na daɗe ina sa rai da shi, ga mai gidan haya ya fara aiko da saƙo, har ta kai ina kwana ina juyi ina tsara maganganun da zan faɗa wa shugaban makarantar, in gari ya waye kuma in kasa furta ko ɗaya. Wani abokina da ya karanci falsafa ne ya ba ni shawarar in gwada shirin, ya ce tunda ba a biyan ko sisi, iyakar abin da zan yi asara shi ne 'yan mintoci safe da yamma.

Shiri ne na kwana bakwai da ake gudanarwa ta intanet sau ɗaya a shekara, galibi cikin Oktoba ko Nuwamba. An fara shi a 2012 a Jami'ar Exeter da ke Ingila, inda malaman falsafar Girkawa irin su Christopher Gill da John Sellars suka haɗu da masu jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa irin su Donald Robertson da Tim LeBon, domin su gano ko koyarwar da ta haura shekara dubu biyu tana da abin da za ta tsinana wa mutumin yau. Ƙungiyar Modern Stoicism, wadda ba ta neman riba, ita ke tafiyar da shi. Mutum zai yi rajista, ya amsa tambayoyi game da halin da zuciyarsa ke ciki, sannan a ba shi ɗan littafin jagora mai ɗauke da karatun safe da aikin rana da bitar dare na kowace rana, tare da muryoyin da aka naɗa domin saurare. Jigon shirin yakan sauya daga shekara zuwa shekara, amma ginshiƙansa suna nan yadda suke.

Sunan falsafar ya samo asali ne daga wata rumfa mai ginshiƙai a kasuwar Atina da ake kira Sitowa, inda Zeno, mutumin Kitiyon ta tsibirin Saifurus, ya fara koyarwa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya sa Larabawa ke kiran mabiyansa Riwaƙiyyun, wato 'yan rumfa. Sai dai karatun da shirin ke bayarwa ya fi jingina ga mutum uku na zamanin daular Rum: Seneka, mashawarcin sarki Nero, wanda ya yi shekara takwas a kore a tsibirin Kosika, Efiktetus, wanda aka haifa cikin bauta a yankin da yake Turkiyya a yau, ya kuma rayu da gurguwar ƙafa, sai Makus Oriliyos, wanda ya mulki Rum daga 161 zuwa 180, cikin annoba da yaƙe-yaƙe a bakin kogin Danub. Ganin cewa bawa da mai fada da sarki duk sun sha daga rijiya guda shi ne abin da ya fara sa na ba shirin hankalina.

Darasin da ya fi yi mini tasiri shi ne na Efiktetus, cewa abubuwan duniya kashi biyu ne: waɗanda suke hannunmu, wato hukuncin da muke yanke wa abu da niyyarmu da abin da muka zaɓa mu aikata, da waɗanda ba sa hannunmu, irin su lafiyar jiki da dukiya da muƙami da abin da mutane ke faɗa a kanmu. A baki maganar tana da sauƙi, har mutum zai ce ai kowa ya san wannan. Amfanin shirin shi ne yana sa ka ka zauna da takarda da biro ka rubuta abin da ya ɓata maka rai a ranar, ka rubuta abin da ka raya a zuciyarka game da shi, sannan ka ware wanda ke hannunka daga wanda ba ya hannunka. Da na yi haka da batun albashi, sai na tarar cewa ranar da za a biya ba ta hannuna, haka ma ra'ayin mai makarantar a kaina, amma rubuta takardar koke tare da sauran malamai tana hannuna, zuwa wurin mai gidan haya in faɗa masa gaskiya tana hannuna, neman darasin yamma da zai kawo ɗan abin cefane shi ma yana hannuna. Sati shida na yi ina zubar da ƙarfina a kan kashin farko, ban taɓa ko ɗaya daga cikin na biyun ba. Kafin makon ya ƙare mun miƙa takardar da sa hannun malamai goma sha ɗaya.

A nan ne na ga kuskuren da ake yi wa wannan falsafa, wanda mu ma muke yi wa kalmar haƙuri a Hausa. Sau da yawa idan aka ce wa mutum ya yi haƙuri, abin da ake nufi shi ne ya yi shiru ya naɗe hannu, ko da an danne masa haƙƙi. 'Yan Sitowa sun lissafa adalci da jarumta cikin kyawawan halaye huɗu da suka ɗauka su ne tushen rayuwa, tare da hikima da kamun kai, saboda haka wanda ya ga zalunci ya kau da kai bai bi koyarwarsu ba. Suna ba da misalin maharbi: gyara baka da zaɓen kibiya da saita hannu aikinsa ne, dole kuma ya yi su iyakar ƙwarewarsa, amma da zarar kibiya ta bar tsarkiya, iska na iya karkatar da ita, dabbar ma na iya zabura. Wannan misalin ya sauya yadda nake shiga aji, domin kafin nan na fara sakaci da shirya darasi da hujjar cewa ba a biya ni ba, alhali yaran da ke zaune a gabana ba su ne suka riƙe albashin ba.

Bitar dare ita ma ta zauna mini. Seneka ya bayyana cewa idan an ɗauke fitila matarsa kuma ta yi shiru, yakan bi ranarsa daki-daki ya duba abin da ya faɗa da abin da ya aikata, ba ya ɓoye wa kansa komai. Shirin ya mayar da wannan tambayoyi kaɗan: me na yi da bai dace ba, me na yi daidai, me zan gyara gobe. Karatun safe kuwa ya haɗa da shawarar Makus cewa mutum ya tuna tun da asuba zai gamu da masu butulci da masu girman kai da masu shisshigi, ya kuma tuna cewa 'yan'uwansa ne da aka halitta domin su yi aiki tare. Aikin da bai kama ni ba shi ne wanda ake sa mutum ya lumshe ido ya ɗauka yana kallon duniya daga can sama har damuwarsa ta ƙanƙance. Na saurara sau biyu, hankalina na ta komawa kan lissafin bashi.

Musulmin da ya shiga shirin zai ji abubuwa da dama sun yi masa kama da na gida. Bitar dare 'yar'uwar muhasaba ce, kuma al'adar 'yan Sitowa ta cewa za su yi abu idan babu abin da ya hana tana tuna wa mutum in sha Allahu. Kamannin yana da tarihi, domin Al-Kindi, masanin falsafar da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya yi amfani da misalin Efiktetus na matafiyan jirgin ruwa da suka sauka a gaɓa suka shagala, a cikin risalarsa kan kawar da baƙin ciki. Duk da haka akwai iyakar da ya kamata a sani. Abin da 'yan Sitowa suke kira ubangiji wani hankali ne da ya gauraya da halitta, ba su gina juriyarsu a kan sakamakon lahira ba, sun kuma halatta wa mutum ya kashe kansa a wasu yanayi, abin da addininmu ya haramta. Shirin bai nemi kowa ya karɓi aƙidarsu ba, ni kuma na ɗauki ayyukan a matsayin horon tunani, na bar tawakkalina inda yake.

Shirin yana da iyakokinsa. Asalinsa da Turanci ne, fassarar tsofaffin nassoshin kuma tana da ɗan nauyi, don haka wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai buƙaci mai yi masa bayani. Kwana bakwai sun isa mutum ya ɗanɗana, amma sun yi kaɗan a ce hali ya sauya. Tambayoyin da ake amsawa a farko da ƙarshe suna da amfani wajen duba kai, sai dai mutum ne ke auna kansa da kansa, waɗanda suka shiga kuma dama masu sha'awar abin ne, saboda haka ban ɗauki sakamakon a matsayin hujja yankakkiya ba. Gaskiya ne cewa Albert Ellis da Aaron Beck, waɗanda suka kafa hanyar jinyar damuwa ta gyaran tunani, sun ambaci tasirin 'yan Sitowa a kan aikinsu, amma wanda damuwa ta hana shi ci da barci na tsawon lokaci, likita ya kamata ya fara gani.

Ina ba ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko ɗalibin da ke iya karanta Turanci shawarar ya yi rajista idan lokacin ya zagayo, ya sauke littafin jagorar a wayarsa tun ranar farko domin kada matsalar sabis ta katse shi, ya kuma tanadi littafin rubutu na musamman. An biya mu albashin wata ɗaya bayan mako uku da miƙa takardar, ɗayan kuma har yanzu muna binsa, ni kuwa ina ci gaba da amsa tambayoyin nan uku bayan sallar isha'i.