Sashen haihuwa na wani asibitin kuɗi a Alƙahira

A wani asibitin kuɗi da ke unguwar Madinat Nasr na yi awon cikina na biyu, saboda kusancinsa da gidan da muke haya tun da maigidana ya fara karatu a Azhar. Wajen tsafta da tarbar mutane ban ga abin kushewa ba, domin ba a barin mai ciki ta yini a layi, ma'aikatan jinya kuma sun yi haƙuri da guntun Larabcina.

Abin da ya sosa mini rai ya faru ne a mako na 37, lokacin da likita ta gama ɗaukar hoton cikin, ta buɗe littafinta ta ce in zaɓi ranar da za a yi mini aiki, wai cibiya ta naɗe wuyan jaririya. Hawan jini ba ni da shi, kan jaririya yana ƙasa, ɗana na fari kuma da kaina na haife shi a Kano. Da na nemi ra'ayin wata likitar, ta tabbatar mini cewa naɗewar cibiya abu ne da ake yawan gani, kuma shi kaɗai bai isa dalilin tiyata ba.

Daga baya na gane al'adar ƙasar ce. Binciken lafiyar iyali na Masar na 2021 ya nuna kashi 72 cikin 100 na haihuwa ta tiyata ake yi, alhali tun 1985 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka ce bai kamata a wuce kashi 10 zuwa 15 ba. A Najeriya binciken 2018 ya samu kusan kashi 3 ne kawai, kuma na san matan da doguwar naƙuda ta jawo wa yoyon fitsari don rashin wannan aikin, saboda haka ba na raina tiyata. Damuwata ita ce ba wanda ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa maimaita ta yana ƙara haɗarin mannewar mabiyiya a jikin mahaifa, lamari mai nauyi ga macen da ke fatan ƙarin haihuwa.

Sai da maigidana ya sa baki likitar ta yarda a jira naƙuda, kuma ranar da naƙudar ta zo wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannuna har asuba, na sauka lafiya. Ga yin awo zan sake komawa, amma haihuwa sai na fara jin ta bakin likitar da za ta karɓe ni.