Manhajar SafetyCulture a wurin ginin da 'yan kwangila da yawa suka haɗu

Haɗari a wurin gini yakan ɓuya ne a tsakanin aikin wannan da na wancan: kafinta ya cire shingen bakin bene domin ya shigar da katako, ya tashi bai mayar ba, washegari birkila ya hau ba tare da kowa ya sanar da shi ba. Da wannan ma'auni na duba SafetyCulture, manhajar wani kamfanin Ostireliya, wadda aka fi sani a da da suna iAuditor.

Aikinta shi ne mayar da takardar binciken lafiyar wurin aiki cikin waya. Wanda ya ga matsala zai ɗauki hotonta, ya ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin gyarawa tare da ranar da za a kammala, kuma duk wanda aka ba izini zai ga ko an gyara. Tana aiki ko babu intanet, sai ta aika bayanan idan waya ta samu sabis, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a ƙarƙashin ƙasa ko cikin kankare. Abin da ya fi burge ni shi ne lambar QR (alamar da ake karantawa da kyamarar waya) da ake mannawa a wurin aiki, wadda ke ba lebura damar kai rahoto da kansa.

Wannan tsari ya dace da dokar CDM ta 2015 a Birtaniya (dokar tsara ayyukan gini da gudanar da su), wadda ta wajabta wa mai gini da masu zane da 'yan kwangila su haɗa kai kan lafiyar ma'aikata. An kuma ga amfanin haɗin kan a ginin filin wasannin Olamfik na Landan na 2012, inda aka kammala manyan gine-ginen ba tare da ma'aikaci ko ɗaya ya rasa ransa a haɗarin aiki ba.

Sai dai manhajar ba ta iya tilasta wa babban ɗan kwangila ya buɗe wa ƙananan 'yan kwangila ƙofa. Idan injiniyoyin ofis kaɗai ke da ita, ko kuma aka mayar da rahotannin hujjar zaftare kuɗin wani, mai walda da mai haɗa lantarki za su yi gum, allon ya nuna komai lafiya alhali shingen na nan a cire. Ina ba da shawarar amfani da ita ga kamfanin da ya riga ya saba zaman safe da shugabannin kowane rukuni kafin a fara aiki, kuma ya yarda lebura ya tsayar da aiki idan ya ga haɗari.